Teburinka, Bangkok ko Suwizalan: ina ya dace ka kai dutsenka a gwada?

Duk wanda ya riƙe dutse mai daraja da niyyar saye ko sayarwa, tambayoyi huɗu ne ke jiransa, ko ya san da su ko bai sani ba. Wane irin dutse ne? Daga ƙasa aka tono shi, ko a masana'anta aka yi shi? Bayan an tono shi, an yi masa wani aiki, kamar gashi ko ɗura ko rini? Sannan daga wace ƙasa ya fito? Kowace tambaya da kayan aikin da ke amsa ta, kuma tsadar amsar tana hawa ne daga ta farko zuwa ta huɗu. Asarar da ta fi yawa a tsakanin masu harkar safaya da tomalin da akwamarin, daga Jos zuwa Ibadan har Bangkok, iri biyu ce. Wani ya sayi kwalba don bai yi gwajin minti biyar ba. Wani kuma ya zuba kuɗi neman amsar tambaya ta huɗu a kan dutsen da amsar ba za ta ƙara wa farashinsa ko kwabo ba.

Wuraren da za ka nemi amsa uku ne: teburinka ko na wani masani a kusa da kai, ɗakunan gwaji na Tailan inda da yawa daga duwatsun Najeriya ke ƙarewa, sai kuma manyan ɗakunan Suwizalan da Amurka waɗanda takardarsu ke tafiya ko'ina a duniya.

Abin da tebur ke iya yi

Kayan tebur ba su da yawa. Ƙaramin madubin ido mai ƙara girma sau 10, tocila mai ƙarfi, sikelin karat (ma'aunin nauyin duwatsu masu daraja) mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, da na'urar auna karyewar haske da ake kira rifraktomita. Wanda ya ƙara da maikiroskop da fitilar UV, to ya gama haɗa shago.

Sikeli da kofin ruwa kaɗai suna raba gardama fiye da yadda mutane ke zato. Ka auna dutsen a sarari. Sannan ka rataye shi da siririyar waya ya nutse cikin ruwa ba tare da ya taɓa gindin kofin ba, ka sake aunawa. Ka raba nauyin farko da bambancin da ke tsakanin awon biyu. Dutse mai karat 5.00 a sarari, idan ya koma 3.75 a ruwa, bambancin 1.25 ne, amsar kuma 4.00, lambar safaya da yaƙutu ke nan. Idan kuwa ya koma wajen 3.00, amsar 2.5 ce, wato da alama kwalba ce a hannunka. Tomalin yana ba da wajen 3.06, akwamarin da zumurrudu wajen 2.72, kwaz 2.65, tofas 3.53. Da wannan kaɗai za ka raba shuɗin tofas da akwamarin, waɗanda dukansu ana samunsu a ƙasarmu kuma ana yawan cakuɗa su a ƙunshi ɗaya, wani lokaci da gangan, wani lokaci kan rashin sani. Sai dai awon ba ya ba da gaskiya sosai a kan ƙananan duwatsu da ba su kai karat ɗaya ba. Kuma akwai tarko guda: daimon 3.52 ne, farin tofas 3.53. Shi ya sa kowace shekara sai an samu wanda ya tsinci farin tofas da ruwa ya goge a rafi, ya hana kansa barci yana lissafin miliyoyi.

Rifraktomita ta fi sikeli kaifi, amma tana son fuska mai santsi. A ɗanyen dutse sai an goge masa ƙaramar taga tukuna. Safaya da yaƙutu suna nuna 1.762 zuwa 1.770, tomalin 1.624 zuwa 1.644, tofas 1.619 zuwa 1.627, dangin akwamarin wajen 1.577 zuwa 1.583, kwaz 1.544 zuwa 1.553. Kwalba layi ɗaya take nunawa, waɗannan kuwa biyu. Na'urar tana tsayawa a wajen 1.81, don haka daimon da duwatsun da ke kama da shi, irin su zakon da moisanait, duk sun fi ƙarfinta, duhu kawai za ka gani.

Lambobin nan biyu su ne ke tono baƙon dutse ma. A yankin Jos ana samun fenakait, farin dutse mai kama da kwaz a ido, amma nauyinsa wajen 2.96 ne, karyewar haskensa 1.654 zuwa 1.670. Wanda bai auna ba zai iya sayar da shi a farashin kwaz. Tafiyait kuwa, ɗaya daga cikin duwatsu mafiya ƙaranci a duniya, a 1945 aka gano shi a birnin Dublin cikin tarin yankakkun duwatsu da ake ɗauka sifinel ne, kuma abin da ya tona shi shi ne yana raba haske biyu, sifinel kuwa ba ya rabawa. Idan lambobin dutsenka suka ƙi dacewa da kowane dutse da ka sani, kada ka jefar, kada kuma ka yarda dillali ya raɗa masa suna. Wannan shi ne dutsen da ya cancanci na'urar Raman, wadda ke harba haske a jikin dutse ta karanta tsarinsa cikin 'yan mintoci ba tare da ta ɓata shi ba.

Tambaya ta biyu, wato na ƙasa ne ko na masana'anta, ta fi wuya, domin a nan lambobi ba sa taimako. Tun 1902 wani Bafaranshe, Auguste Verneuil, ya bayyana yadda ake narka garin alumina a harshen wuta a samu yaƙutu. Abin da ke fitowa ba kwalba ba ce. Sinadarinsa ɗaya da na ƙasa, taurinsa 9, nauyinsa 4.00, rifraktomita ta nuna 1.762 zuwa 1.770. Karce gilashi da shi, abin da wasu mahaƙa suka dogara a kai, bai nuna komai ba. Alƙalamin gwajin daimon da wasu ke dangwalawa a jikin safaya shi ma haka, zafin da na ƙasa ke ɗauka shi na masana'anta ke ɗauka.

Ido ne ke raba su. Ka sa dutsen a ƙaramin farin kofi, ka zuba ruwa ko man jarirai ya rufe shi, ka haska daga ƙasa ta cikin farar takarda, ka riƙa juya shi a hankali. Safayar ƙasa tana girma ne da kusurwa shida, don haka layukan launinta miƙaƙƙu ne, suna karyewa a kusurwa mai digiri 120. Ta Verneuil kuwa ɗigo-ɗigo ta taru a kan sanda mai juyawa, don haka layukanta lanƙwasassu ne, kamar zoben albasa idan an yanka ta a tsakiya. Sau da yawa za ka ga ƙananan kumfa masu zagaye a gefensu, wasu da ɗan wutsiya. Da ka ga layi ya lanƙwasa, magana ta ƙare, ba ka bukatar Bangkok.

Masu ha'inci sun san haka, shi ya sa suka koma ɗanyen dutse, inda mai saye ke sakin jiki. Na taɓa duba wani ƙunshi da aka ce daga rami ya fito kai tsaye. Yawancinsa safaya ce ta gaske, mai duhu, mai araha. A tsakiya kuwa akwai guda uku masu launin da ke ɗauke ido, jikinsu a kurje kamar ruwa ya daɗe yana gogarsu, da jar ƙasa a cikin ramukansu. Ƙasar ta ƙi fita da buroshi. Da aka jiƙa su a asiton, irin wanda mata ke goge jan farce da shi, sai ta saki, ashe da gam aka manna ta. A cikin mai kuwa sai ga layukan nan sun lanƙwasa. An fasa ɗanyen Verneuil ne, aka jujjuya shi da yashi har ya yi kama da tsintuwar rafi. Wasu ma sukan zafafa shi su tsoma a ruwan sanyi don ya tsattsage, ya yi kama da mai lahanin halitta. A ƙunshin ɗanyen dutse, wanda ya fi kowa kyau shi za ka fara tuhuma.

Tebur yana kama yaƙutun da aka ɗura wa gilashin dalma, wanda ya cika kasuwa tun 2004. Ana ɗaukar dutse mai tsagewa sosai, wanda da ba shi da wata daraja, a narka gilashi ya shiga tsagarsa har ya yi garau. A madubi za ka ga walƙiya shuɗiya ko ruwan lemo tana gilmawa a cikin tsagar idan ka juya shi, ga kuma kumfa da suka baje. Irin wannan dutse ruwan lemon tsami ma yana cin gilashinsa, wutar maƙerin zinare kuwa tana lalata shi nan take. Haka kuma safayar da aka cusa wa sinadarin titaniyam a fatarta don ta yi shuɗi: a cikin ruwa launin yakan taru a gefe-gefen fuskokin da aka yanka, tsakiya kuma ya yi fari-fari.

Inda tebur ke tsayawa

Gashi shi ne babban batu a safaya da yaƙutu, domin bambancin farashi tsakanin gasasshe da wanda wuta ba ta taɓa ba yana da girma, kuma yana ƙaruwa ne da girman dutsen. Tun shekarun 1970 'yan Tailan suka gano cewa fararen duwatsun Siri Lanka da ake kira gewuda suna komawa shuɗi idan sun sha wuta mai tsanani. Irin wannan gashi yana barin tabo. Siraran alluran wani ma'adini mai suna rutil da ke cikin dutsen suna narkewa su koma ɗigo-ɗigo, ƙananan kiristal na ciki su fashe su bar zobe kewaye da su. Mai gogaggen ido da maikiroskop zai iya ganin wannan a shagonsa. Amma gashi mai sauƙin zafi, irin wanda ake yi wa yaƙutun Montepuez na Mozambik, wanda aka gano a 2009, kusan ba ya taɓa alluran. Nan sai na'urar FTIR, mai karanta yadda dutse ke shan hasken infrared, da kuma Raman.

A nan ne duwatsunmu ke da nasu hali. Safayar tsaunin Mambila a Taraba da ta kudancin Kaduna duk aman dutse ne ya ɗauko su daga can ƙasa, wato sun riga sun sha zafi tun kafin ɗan'adam ya gan su. Akwai wata alama da FTIR ke nunawa a lamba 3309. A safayar Siri Lanka ko Madagaska mai ƙarancin ƙarfe, idan alamar ta fito da ƙarfi ana ɗaukarta hujjar gashi. A safayar aman dutse kuwa tana nan tun asali. Saboda haka ɗakin gwajin da ya san aikinsa ba ya yanke hukunci a kan safayar Najeriya da wannan alama kaɗai, sai ya koma ga abin da ke cikin dutsen. Ƙaramin ɗakin da ke karanta na'ura kawai yana iya rubuta maka an gasa, a kan dutsen da kai ka san ramin da ya fito. Wannan shi ne dalili na farko da zai sa ka biya kuɗin babban gida.

Na biyu shi ne wani sinadari mai suna beriliyam. A ƙarshen 2001 kasuwar Tailan ta cika da safaya mai launin ruwan lemo da hoda, irin launin da ake kira fadfaraja mai tsadar gaske. Sai da aka ɗauki watanni kafin a gane cewa ana gasa duwatsun ne tare da beriliyam, wanda ke ratsa dutsen ya sauya masa launi, wani lokaci har tsakiyarsa. Beriliyam ba shi da nauyi, na'urar EDXRF mai auna sinadaran dutse, wadda yawancin ɗakuna ke da ita, ba ta ganinsa. Sai na'urar LIBS ko ta LA-ICP-MS, inda leza ke ƙona ɗan ɗigon da bai kai kaurin gashin kai ba a gefen dutsen, a auna sinadaransa. Daga baya ma aka gano cewa wasu safayoyin da ba a taɓa ba suna ɗauke da ɗan burbushin beriliyam na halitta, galibi tare da niyobiyam da tantalam, ƙarafan nan da mutanen Jos suka sani a kwalambait da tantalait. Don haka ba samun na'urar kaɗai ba ne, sai da wanda ya iya fassara abin da ta faɗa. Duk safaya rawaya ko ruwan lemo da aka riga aka gasa, kada ka saye ta da tsada sai da takardar da ta ambaci gwajin beriliyam.

Tomalin kuwa nan ne gwaji ke iya ninka kuɗi. Launin nan mai haske kamar an kunna masa fitila, wanda aka fara samu a jihar Paraíba ta Burazil a ƙarshen shekarun 1980, tagulla ce ke jawo shi. A wajen 2001 aka samu irinsa a kudu maso yammacin Najeriya, daga baya kuma a Mozambik. Kwamitin LMHC, wanda ya haɗa manyan ɗakunan gwaji irin su GIA da SSEF da Gübelin da GIT don daidaita kalmomin takardunsu, ya amince a kira dutse Paraíba ko daga ina ya fito, muddin tagulla da manganis ne suka ba shi launin. Shuɗin tomalin mai ƙarfe da shuɗin tomalin mai tagulla lambarsu ɗaya a sikeli da rifraktomita, farashinsu kuwa ko kusa. EDXRF tana nuna tagulla cikin 'yan mintoci, ba ta kuma ɓata dutse. Idan kana da tomalin shuɗi ko kore-shuɗi mai wani haske da bai yi kama da na sauran ba, wannan gwaji ne da ba za ka tsallake ba, ko da dillali ya rantse cewa na gama-gari ne. Musamman ma idan ya rantse.

Koren dutsen yankin Nasarawa Eggon da kudancin Kaduna shi ma ya daɗe yana jawo musu: zumurrudu ne, ko koren beril kawai, wato ɗan danginsa da bai kai shi daraja ba? Amsar tana ga ko kuromiyam da banadiyam ne suka ba shi launin, da kuma ƙarfin launin kansa, kuma ɗakunan gwaji ba lallai su tsaya a layi ɗaya ba. Sai kuma batun mai da roba da ake ɗura wa tsagar zumurrudu. Takarda mai kyau za ta faɗi yawansa, kaɗan ne, matsakaici ne, ko mai yawa, wanda GIA ke rubutawa F1 da F2 da F3. Zumurrudun masana'anta ma, irin na Chatham ko na Tairus na Rasha, ba shi da lanƙwasassun layukan Verneuil, don haka ya fi ƙarfin sabon shiga.

Daimon ba sai an ja magana ba. Moisanait, wanda ya shigo kasuwa a 1998, yana yaudarar alƙalamin zafi, amma madubi yana nuna layukansa biyu-biyu. Daimon na masana'anta kuwa daimon ne, alƙalami da madubi ba su isa ba, sai na'urori irin DiamondView. Ka nemi takardar ɗakin gwaji na GIA ko na IGI, ka duba lambar da aka rubuta da leza a ƙugun dutsen.

Tailan ko Suwizalan

Ƙarfin Bangkok shi ne kana tsakiyar kasuwa. A unguwar Silom za ka iya tafiya da ƙafa daga ofishin mai saye zuwa ɗakin gwaji. Ɗakin gwaji na AIGS yana nan tun 1978. GIT ta gwamnatin Tailan ce, kuma tana cikin LMHC. Lotus Gemology, da Richard Hughes da iyalinsa suka buɗe a 2014, ta yi suna a yaƙutu da safaya da sifinel. GRS, wadda Adolf Peretti ya kafa a Suwizalan a 1996, tana da ɗaki a Bangkok, kuma 'yan kasuwar Asiya suna son takardarta. GIA ma, wadda aka kafa a Amurka a 1931, tana da babban ɗaki a birnin. A Chanthaburi, tafiyar 'yan awoyi daga Bangkok, inda kasuwar titin Si Chan ke ci daga Juma'a zuwa Lahadi kuma 'yan Afirka ta Yamma suka cika ta, akwai ƙananan ɗakuna masu ba da ɗan kati cikin gaggawa. Katin yana da amfaninsa: zai gaya maka safaya ce, ta ƙasa ce, ba kwalba ba. Amma kada ka ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Ka tambaye su kai tsaye ko suna da na'urar gano beriliyam, ka ga yadda za su amsa.

Gidajen Suwizalan biyu, Gübelin na Lucerne wanda ɗakinsa ya faro tun 1923, da SSEF na Basel da aka kafa a 1972, sun fi tsada, sun fi ɗaukar lokaci, ga ɗawainiyar aikawa da inshora, sai dai idan ka kai reshen Gübelin na Hong Kong, ko ka dace da lokacin da suke zuwa gwaji a Hong Kong ko Bangkok. Abin da kake saye a wurinsu shi ne amincewar masu gwanjo. Idan ka duba kundin gidajen gwanjo na Christie's ko Sotheby's a Geneva, sunayen da ke bin manyan duwatsu su ne SSEF da Gübelin da AGL na New York, sai GIA. Dutsen da ba zai je wannan fage ba, takardar ba za ta mayar da kuɗinta ba.

Akwai bambancin da ke rikita mutane, shi ne sunayen launi. Mai saye a China ko Hong Kong yana son ganin an rubuta pigeon's blood (jinin tattabara) a kan yaƙutu ko royal blue (shuɗin sarauta) a kan safaya, kuma yana ƙara kuɗi a kan haka. A 2015 SSEF da Gübelin suka daidaita ma'auninsu, suka ce ba za su ba da waɗannan sunaye ba sai ga dutsen da ba a gasa ba. GRS kuwa tana ba gasasshen dutse ma, ta nuna gashin da harafin H, ko H(a) da H(b) idan akwai ragowar abin narkewa a tsaga, ko H(Be) idan beriliyam ne. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ma'auni ne ya bambanta. Amma idan safayarka gasasshiya ce mai kyan launi kuma Asiya za ka sayar, kai ta Basel ɓata kuɗi ne.

Batun ƙasar asali kuwa, a nan nake ganin an fi zubar da kuɗi a banza. Ƙasar asali ra'ayin masana ne, kuma takardun da kansu haka suke rubutawa. Suna kwatanta abin da ke cikin dutsenka da sinadaransa da tarin samfuran da suka mallaka, shi ya sa GIA ke aika ma'aikatanta har bakin rami su ɗebo samfur, shi ya sa kuma gidaje biyu ke iya saɓawa a kan dutse ɗaya. A 2017 sai da SSEF ta fitar da gargaɗi cewa sabuwar safayar yankin Ambatondrazaka na Madagaska tana kama da ta Kashmir har ana sayar da ita da wannan suna. Sunayen da kasuwa ke biya wa ƙari sanannu ne: Kashmir da Burma da Siri Lanka a safaya, Burma a yaƙutu, Kolombiya a zumurrudu, Burazil a Paraíba. Safayarmu tana cikin dangin aman dutse tare da ta Ostireliya da Tailan da Kambodiya da Habasha da Kamaru, sinadaransu suna shiga juna, rabewa tana da wuya, kuma ko an rabe ba wanda zai ƙara maka dala don an rubuta Najeriya maimakon Ostireliya. Ka nemi takardar tantance dutse da gashi, ka bar ta asali, sai fa idan mai sayen ne da kansa ya nema kuma shi zai biya.

Da ni ne da dutsen

Akwamarin da tofas da ganet da amatis na yau da kullum, a tebur zan tsaya. Kusan duk akwamarin da ke kasuwa an ɗan gasa shi a wajen digiri 400 don kore-koren ya fita, shuɗin tofas mai ƙarfin launi kuma da hasken nukiliya ake samar da shi. Kasuwa ta san haka, ta sa shi cikin farashi, babu ɗakin da zai ba ka takardar da za ta sauya lissafin. Zoben aƙiƙ da fairuz da murjani da alhazai ke tsarabarsu daga Makka da Madina ma haka: auduga da asiton za su nuna rini, leƙa ramin da aka huda zai nuna ko cikin fari ne, kuɗin gwaji kuwa ya ninka na zoben.

Ƙunshin ƙananan safaya, zan tace shi da kaina a cikin mai, in ware waɗanda suka fi kyau in kai ƙaramin ɗaki. Safaya guda mai tsabta da ta haura karat biyu ko uku bayan yanka, wadda na san wuta ba ta taɓa ta ba, zan kai ta GIA ko GIT ko Lotus ko GRS a Bangkok, kuma kafin in zaɓa zan tambayi mai sayen takardar wa yake karɓa, domin takardar da bai yarda da ita ba ba ta da amfani komai kyanta. Tomalin mai tagulla, gwajin EDXRF tukuna, idan ya tabbata sai babban gida. Suwizalan sai dutsen da mutum kan samu sau ɗaya a rayuwa, kuma shi ma da takardar Bangkok zan fara, don in san abin da nake aikawa. Duk wannan bayan izinin fitar da kaya daga Ma'aikatar Ma'adinai ne, domin dutsen da aka tsare a filin jirgi ba ya isa kowane ɗaki.

Idan kuma kai ne mai saye aka miƙo maka dutse da takardarsa, takardar ma sai an gwada ta. Manyan gidajen duk suna da shafi a intanet inda za ka sa lambar ka ga kwafinsu. Amma lamba ta gaskiya tana iya rakiyar dutsen jabu, domin ana yanka na masana'anta daidai da awon da ke takardar. Ka ɗora shi a sikeli, nauyin ya dace har lamba biyu bayan ɗigo. Ka auna tsawo da faɗi da zurfi. Ka duba hoton da lahanin ciki, ka kuma duba kwanan watan, domin ana iya ɗura wa zumurrudu sabon mai ko a gasa safaya bayan an karɓi takarda. A Chanthaburi idan ka yi tayi, ana naɗe dutsen da salatif a rubuta tayinka a kai kafin dillali ya koma wurin mai shi, don kada a musanya. Ka ɗauki wannan dabara ko a ina kake ciniki: a rufe dutsen gabanku, ku sa hannu a kan rufin, ku rubuta sunan ɗakin da za a kai shi, da wanda zai biya kuɗin gwajin idan sakamako ya saɓa wa abin da mai sayarwa ya faɗa, da kuma cewa kuɗinka zai dawo a cike.